Ko Kun Sani? Bijimin Sifaniya Bai San Ja Ba

Jan ƙyallen da ɗan wasa ke kaɗa wa bijimi a Sifaniya, ba launinsa ne ke tunzura dabbar ba. Idon saniya na da ƙwayoyin gane launi iri 2 ne kawai, na mutum kuwa 3, shi ya sa ja ba ya fito mata yadda yake fito mana. Motsin ƙyallen ne take bi ta kai masa tunkuyi.

Wanda ya shiga gidan tarihin da ke ƙarƙashin kujerun filin wasan Ronda, a kudancin ƙasar, zai ga shaida. Kusa da rigunan 'yan wasa masu nauyin surfanin zinare, ga babban mayafin da ake fara tarar bijimi da shi: fuska ɗaya ruwan hoda, ɗaya ruwan ɗorawa, kuma bijimin na afka masa da fushi iri ɗaya. Sai a zagayen ƙarshe ake fito da ƙaramin jan ƙyalle da takobi, kuma an zaɓi ja ne don ya ɓoye jinin dabbar, abin da, gaskiya, ba ya rage mata azaba ko kaɗan.

An buɗe filin na Ronda a 1785, faɗin da'irar yashinsa mita 66. Francisco Romero, ɗan garin, shi ake danganta wa shigo da wannan jan ƙyalle cikin wasan.