Gwada irinka kahin ka zuba shi garka

Manomi, damana ta wuce, lokacin aikin garka ya zo. Cikin watan Oktoba ne masu albasa ke yahin iri wurin reno. In irin ya mutu, sai ka yi kwana 15 kana ban ruwa ga ƙasa banza, kuɗi sun tahi, maƙwabta kuma sun riga ka dashe. Ido ba ya gane mataccen iri. Tsumma da ruwa ke gane shi.

Mako 2 kahin shibka, ɗebo iri daga bakin kwalba, da tsakiya, da gindi, ka gauraya. Ƙirga ƙwara 100, kada ka zaɓi masu kyau. Jiƙa tsumma mai tsabta, ka matse shi har ya bar ɗiga. Jera ƙwarorin bisa, ka naɗe, ka sa cikin ƙwarya, ka aje inuwa gindin randa. Kullum sahiya ka yayyahwa ruwa kaɗan. In tsumman ya bushe, ko ya kwanta cikin ruwa, gwaji ya ɓaci.

Kowane iri da kwanakinsa. Salati, ƙirga ran kwana 7. Shu, kwana 10. Albasa, kwana 12. Tumatir da karoti, kwana 14. Wanda ya hiddo saiwa hwara da ɗan tsiro lahiyayye shi kaɗai za ka ƙirga. Wanda ya kumbura ya yi hunhuna ba ya cikin lissahi.

To ga lissahin. In 80 ko hiye sunka tsira, shibka yadda ka saba. In 60 ne, wurin da kake zuba cokali 3 zuba 4. In 40 ne, riɓa. Ƙasa ga 40, nemi wani iri, don ɗan abin da ya tsira ma rarrauna ne, ba ya jimre dashe. Ka sani kuma, abin da zai hito cikin ƙasa bai kai na tsumma ba, saboda akwai ƙwari, da kaurin ƙasa, da zahin rana.

Irin albasa shi ya hi son gwaji. Ko ɗan Galmi ne na ƙwarai, in ya shekara cikin zahi sai ƙarhinsa ya hwaɗi. Na tumatir yana kai shekara 4 in an aje shi bushe. Mai saida iri kasuwa ba zai gaya maka shekarunsa ba, don haka sayi kaɗan ka gwada tukuna. Na gwangwani, tunda ka iya karatu, duba shekarar da anka rubuta jikinsa.

Kada ka yi saurin zubda irin salati. In zahi ya yi yawa yana ƙin tsira ko da ransa, sai ka sake gwada shi da sanyi ya shigo. Masu zuba iri cikin ruwa su yar da wanda ya taso, dabararsu tana taimako ga kabewa, amma ga ƙananan iri kamar karoti ba ta nuna komi.

Wanda ya yi saura, shanya shi inuwa, ka toshe shi cikin kwalba, ka rubuta suna da shekara, ka aje nesa da ruhin kwano.