Zaɓen Darussa a Ƙofar Babbar Sakandare

Idan yaro ya kammala aji uku na ƙaramar sakandare, akan ɗora masa wani nauyi wanda shekarunsa ba su kai ɗaukarsa ba, wato a ce ya zaɓi ajin kimiyya, ko na adabi, ko na kasuwanci, alhali kuwa abin da ya zaɓa ran nan shi zai bi shi har zauren jarrabawar WAEC ko NECO, daga can kuma ya raka shi gaban hukumar JAMB. Wanda ke fatan karatun likitanci ba makawa sai ya riƙe Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'inmu galibi ba sa buɗe ƙofa sai ga mai kiredit biyar, har da Turanci, da kuma Lissafi a fannonin kimiyya. Saboda haka wajibi ne uba ya san waɗannan sharuɗɗa tun da wuri, domin darasin da aka bari a aji ɗaya na babbar sakandare da wuya a cim masa a aji uku.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ƙasƙancin da muke jingina wa darussan sana'a. Tun cikin manhajar 2011 aka shigar da su babbar sakandare, irin su ɗinki, da kiwon dabbobi, da kiwon kifi, da rini, da gyaran wayar hannu, kuma tun 1992 aka kafa hukumar NABTEB domin jarraba ɗaliban kwalejojin fasaha. Duk da haka iyaye da yawa suna ganin can ne matattarar waɗanda karatu ya gagara. Wannan zato ba shi da asali a addini ko a al'ada, gama Imamu Gazali a cikin littafinsa Ihya'u ya lissafa noma da saƙa da ɗinki cikin fardu kifaya, kafaɗa da kafaɗa da likitanci da hisabi, kuma marinar Ƙofar Mata a Kano ta ciyar da zuriya bayan zuriya.

Abin da ya kamaci uba shi ne ya zauna da ɗansa ko 'yarsa cikin natsuwa, ya duba sakamakon shekaru ukun nan baki ɗaya, ya nemi shawarar malamin da ya san yaron, sa'an nan ya lura da abin da hannunsa ke komawa gare shi idan ba wanda ya sa shi. Bayan haka ya taka da ƙafarsa zuwa makarantar, ya nemi a nuna masa ɗakin gwaji da ɗakin koyon sana'a, domin sau da yawa akan rubuta sunan darasi a takarda alhali babu keken ɗinki ko ɗaya, ana koyar da aikin hannu da alli a kan allo. Inda ya tarar da haka, sai ya haɗa yaron da wani gwanin unguwa a ranakun hutu, makaranta ta ba shi takardar shaida, shago kuma ya ba shi ƙwarewa.