Kafin ku sari katin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ku karanta rubutun jikinsa

 Duk mai bin hanyar Kwatano zuwa Gaya, ko mai shiga Kano ta Jibiya ya fito Maraɗi, ya ga yadda tsofaffin kwamfutoci ke shigowa cikin kaya. A cikinsu akwai manya masu nauyi da ake kira uwar garke, wato wadda ke riƙe ajiyar ma'aikata, sauran kwamfutoci suna ɗiba daga gare ta. Yau za mu yi magana kan ɗan siririn katin nan na ƙwaƙwalwa, wanda masu gyara a wajenmu ke ce wa baret, na Kano kuma ram.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, mu ma ya ci mu. Uwar garken gidan rediyonmu, inda muke ajiye shirye-shirye, ta yi nauyi, sai muka aika aka sayo mana kati huɗu wurin wani ɗan kasuwa mai mutunci. Katin ya shiga raminsa daidai, amma da aka kunna sai na'ura ta ƙi tashi. Mai kaya ya rantse kayansa lafiya lau suke, kuma gaskiyarsa. Na kwamfutar tebur ne aka haɗa mata da nata na asali. Sai da dattawa suka shiga tsakani kafin a mayar da kuɗi.

Abu na farko shi ne zamanin katin. DDR3 ya fito a 2007, yana da haƙora 240. DDR4 ya biyo baya a 2014 da haƙora 288, sannan DDR5 ya shiga kasuwa a 2021. Kowane zamani da inda aka yi masa tsaga a gindi, don haka wani ba ya shiga ramin wani. In kati ya ƙi shiga, kada a danna da ƙarfi, ramin ne zai karye, allon kuma ya zama asara.

Na biyu shi ne harafin da ke kan takardar da aka manna a jikinsa. Misali PC3-10600R. Harafin R na nufin katin manyan uwayen garke, mai ƙarin ɗan guntu a tsakiya da ke rage wa na'ura nauyin aiki. U na kwamfutar tebur ne. E kuwa na ƙananan uwayen garke ne. Ba a haɗa R da U ko E a allo ɗaya, kuma mai R ba ya aiki a yawancin kwamfutocin tebur. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa, domin a ido kusan duk ɗaya suke.

Me ya bambanta su? Katin R da na E suna iya gano ƙaramin kuskure a cikin lissafi su gyara da kansu, abin da ake rubutawa ECC. Mai ajiye lissafin bashi ya san abin da kuskuren lamba ɗaya ke jawowa.

Na uku, jerawa. Allon da ke da gurbin injin lissafi biyu, in ɗaya kaɗai aka ɗora, ramukan ɓangaren ɗayan ba sa aiki ko an cika su. Kuma akwai tsarin ramin da ake fara cikawa. A na'urorin Dell da HP galibi zanen yana manne a cikin murfi. In an haɗa kati mai sauri da marar sauri, duka za su bi tafiyar marar saurin.

Sai a kula da hunturu. Ɗan tartsatsin nan da ke kama hannu in an taɓa ƙarfe lokacin bushewar iska ya isa ya kashe kati. A cire wayar wuta tukuna, a taɓa ƙarfen akwatin, a riƙe katin ta gefe, kada a taɓa haƙoran. Kada kuma a zube su tsirara a faranti cikin ƙura.

A ƙarshen 2025 kuɗin katin ƙwaƙwalwa ya hau a duniya, saboda kamfanonin da suka fi ƙera shi, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, sun karkata ga manyan cibiyoyin kwamfuta. Abin ya taɓa har tsohon kaya, don haka kuskure ɗaya na iya cinye ribar tafiya.

Shawara ita ce, mai saye ya zo da sunan na'urarsa da lambarta, ko ya ɗauko tsohon katin. Mai sayarwa kuma ya yarda a gwada a gabansa kafin kuɗi su shiga aljihu. Tambaya dai rabin ilimi ce. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.