Yadda ake koyar da gina babbar manhaja a kan kwamfutar kwaikwayo

Kowace kwamfuta ko wayar zamani tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kamar Windows, Linux ko Android. Ita ce ke raba lokacin aiki tsakanin ƙananan manhajoji, ta keɓe wa kowacce gurbinta a ma'adana, ta kuma hana wata shiga hurumin wata.

Koyar da yadda ake gina ta yana cikin darussa mafi wuya a fannin kimiyyar kwamfuta. Kuskure a layi ɗaya kan sa na'ura ta daskare baki ɗaya, ba tare da ta nuna inda matsalar take ba.

Saboda haka ne jami'o'i da dama suka koma ga manhajar kwaikwayo, wato manhajar da ke kwaikwayon sassan kwamfuta ta gaske a cikin wata kwamfutar. Idan aikin ɗalibi ya rushe, kwamfutar kwaikwayon ce kawai ke tsayawa, kuma cikin daƙiƙoƙi zai sake tayar da ita. Yana kuma iya dakatar da ita a tsakiyar aiki, ya bi umarni ɗaya bayan ɗaya, ya ga abin da ke cikin ma'adana.

A farkon shekarun 1990, Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fito da Nachos domin wannan manufa. A 2006 kuma Cibiyar Fasaha ta MIT da ke Amurka ta samar da xv6, ƙaramar babbar manhaja da aka tsara bisa fasalin Unix na shekarun 1970. Ƙanƙantarta ta sa ɗalibi zai iya karance ta cikin zango guda. Ana gudanar da ita a kan QEMU, manhajar kwaikwayon da Bafaranshen nan Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003.

Sai dai hanyar tana da iyaka. Kwaikwayo ba ya nuna ainihin saurin na'ura, kuma wasu kurakurai ba sa bayyana sai an ɗora aikin a kan kwamfuta ta gaske.

Duk da haka, akwai abin lura ga jami'o'in Najeriya. Kyauta ake sauke xv6 da QEMU daga intanet, kuma matsakaiciyar kwamfutar tafi-da-gidanka ta wadatar. Ke nan rashin ɗakin gwaji mai tsada bai isa ya zama dalilin taƙaita wannan darasi ga allo da haddar ma'anoni ba.