Kayan Da Ya Daɗe A Tasha

Duk wanda ke zaune Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya saba ganin manyan motoci ɗauke da kwantena a kan Titin Zariya, suna shigowa daga Ikko. Tun ran 30 ga Janairu, 2023, da aka buɗe Tashar Tsandauri ta Dala a Zawaciki, watau tashar jiragen ruwa ta kan tudu, sha'anin tasha ya zama namu, don kuwa 'ya'yanmu ne za su yi lebura da akawu a cikinta.

To, abin da muke so masu riƙon tashar su fi jin tsoro shi ne jinkiri. Kanawa sun ɗanɗana shi tun zamanin dalar gyaɗa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu reluwe ta kasa kwashe gyaɗa zuwa Apapa saboda ƙarancin taragu, buhuna suka yi ta zama ƙarƙashin tamfol har wata kakar ta riske su, ƙwaro ya samu gida. A 1975 kuma jiragen siminti ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a bakin Ikko wata da watanni, Gwamnati na biyan kuɗin jira, siminti na daskarewa.

Waɗannan hasarar dukiya ce. Ta Berut, babban birnin Labanan, ta rayuka ce. Ton 2,750 na wani sinadari da ake yin takin zamani da nakiya da shi ya zauna cikin sito kimanin shekara shida, ran 4 ga Agusta, 2020 ya fashe, mutum fiye da 200 suka halaka. Abin baƙin ciki, ba rashin sani ba ne. Ma'aikatan kwastan sun sha rubuta takardun gargaɗi, kowane ofis ya tura wa na gaba.

Saboda haka hular kwano da takalmin aiki, ko da yake wajibi ne, ba su isa ba. A ganinmu ya kamata kowane kwantena a san ranar shigarsa, da abin da ke ciki, da sunan ma'aikacin da zai amsa tambaya in ya wuce wa'adi. Leburan da ya ji wari, ko ya ga igiyar ƙugiya ta fara tsinkewa, a ba shi ikon tsai da aiki nan take, ba tare da an yanke masa kuɗin yini ba.