Wa'adin Biyan Diyyar Haɗarin Mota a Hannun Kamfanin Inshora

Duk wanda ya san Titin Zariya, daga Gadar Dangi zuwa ƙofar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya san irin cunkoson da akan yi a Gyadi-Gyadi safe da yamma, inda tirela da motar gida da adaidaita-sahu ke rububin hanya guda. Haɗari a irin wannan wuri ba baƙon abu ba ne. Idan kuwa ya auku, tambayar da kan biyo bayan jaje ita ce, yaushe kamfanin inshora zai biya diyya? Doka ta yanke wa kamfani wa'adi, amma wa'adin ba ya fara aiki sai ranar da mai haƙƙi ya kai kukansa a rubuce.

Tun cikin 1945 aka kafa dokar da ta wajabta wa mai mota yin inshorar da za ta biya wanda motarsa ta ji wa rauni ko ta yi ajalinsa. Dokar Inshora ta 2003 ta haɗa da ɓarnar dukiya, sa'an nan a sashe na 70 ta tsara wa'adi iri biyu. Idan kamfani ya amince da alhaki, lalle ya biya cikin kwana 90 bayan ya fitar da takardar sallama, watau takardar da ke ɗauke da adadin kuɗin da aka daidaita a kai. Idan kuma ya ƙi amincewa, wajibi ne ya bayyana dalilinsa a rubuce cikin kwana 90 daga ranar da aka kai masa da'awa. Raunin wannan tsari a fili yake, domin kwana 90 na biya ba sa fara ƙirguwa sai takardar sallama ta fito, ita kuwa a hannun kamfani take. Saboda haka akan yi watanni ana ciniki kan kuɗin gyara, mota tana jibge a gareji.

Cikin 2025 aka sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran sha'anin inshora, wadda ta soke ta 2003 da ta 1945. Ta rage wa'adin zuwa kwana 60, ana ƙidaya daga ranar da aka sanar da kamfani, ta kuma tanadi tara ga wanda ya saɓa.

A ɗauki misalin ma'aikacin da ke zaune a Tarauni, wanda wata mota ta buge tasa a mahaɗar Titin Kotu. Al'adar mutanen Kano ce jama'a su taru a ba da haƙuri, a tafi wurin bakanike a sasanta. Sulhu alheri ne, amma wanda ya yi wata guda yana jiran alkawarin baki, bai rage ko kwana ɗaya daga wa'adin kamfani ba. In kuma ya riga ya gyara motar kafin injiniyan kamfani ya ƙiyasta ɓarnar, ya shafe hujjarsa da hannunsa. Abin da ya kamata shi ne ya ɗauki hoton motocin a wurin, ya rubuta lambar ɗaya motar da sunan kamfanin inshorarta da sunayen shaidu, ya miƙa takardar da'awa tare da lissafin bakanike, ya karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. Inda aka yi rasuwa ko mummunan rauni, ba makawa sai an haɗa da rahoton 'yan sanda da na likita.

Akwai abubuwa biyu da kan sa jira ya zama na banza. Na farko, rashin sanin iyakar inshorar da aka saya. Ƙaramar inshora ta dole, wadda Hukumar Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida daga 1 ga Janairu 2023, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, amma ba ta gyara motar mai ita. Wannan sai cikakkiyar inshora. Na biyu, takardar jabu, irin wadda 'yan kamasho ke sayarwa a bakin ofisoshin lasin. Babu wa'adin da ke hawa kan kamfanin da bai karɓi kuɗi ba. Ana iya tantance takarda ta sa lambar mota a rumbun bayanai na ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya a intanet.

Idan wa'adi ya cika kamfani bai biya ba, bai kuma ba da dalili ba, mai haƙƙi yana iya kai ƙara ga NAICOM, wadda aka kafa cikin 1997 don sa ido a kan kamfanonin, ko ya tafi kotu. Ko'ina ya nufa, abin da za a fara tambayarsa shi ne kwafin nan mai hatimi da kwanan wata.