Rumfar kan tankin kifi: abin da ke kayar da ita, da yadda za ta shekara a tsaye

Yau ba maganar abincin kifi ko rigakafin kaji zan yi ba. Maganar rumfa ce, wadda yawancinmu ba ma tunawa da ita sai kuɗin jari ya kusa ƙarewa.

Shekarar da na gama bautar ƙasa na kafa tankunan tampol biyu a bayan gidanmu, na zuba tarwaɗa. Na kira kafinta ya kafa mini dirka shida, ya ɗora kwano, a wuni ɗaya aka gama. A watan Mayu hadarin farko ya taso cikin dare. Da asuba na tarar kwanon yana gidan maƙwabta, dirka ɗaya ta karye ta huda tanki, ruwa ya tsiyaye, kifin wata uku yana birgima a ƙasa. Na karanta lissafin riba da faɗuwa a jami'a, amma ba wanda ya koya mini zurfin ramin dirka.

Ba ado ba ce rumfar nan. Tarwaɗa ta fi cin abinci da girma idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 26 zuwa 30. A bazara, ƙaramin tanki da ke fili yana wuce haka da rana tsaka, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa kamar mai sanyi. Shi kansa tampol rana tana cinye shi har ya fara tsagewa.

Da na duba dirkar da ta karye, sai na ga ashe ba iska kaɗai ba ce. Daidai inda itacen ya haɗu da ƙasa ya ruɓe, gara ta shige shi. Nan ne kullum rumfa take fara mutuwa, don nan danshi yake zama, ga shi mu masu kifi ba ma rabuwa da zubar da ruwa. Yanzu ramin da nake haƙawa ba ya gaza ƙafa biyu. Ina zuba tsakuwa a ƙasan ramin don ruwa ya samu hanyar wucewa, in tsayar da dirka, in zuba kankare, in ɗaga shi sama da ƙasa kaɗan, in yi masa gangara yadda ruwa zai sauka ya bar jikin itacen. Kada ku bari saman kankaren ya yi kwarmi, tafki kuka gina wa dirkar.

Wane itace? Kakanninmu ba su yi wauta ba da suka riƙe azarar giginya, gara ba ta cika samun sa'arta ba. Ƙirya ma haka, in an samu. Farin katakon kasuwa mai araha kuwa, in ba a shafa masa maganin gara ba, abincinta ne. Mutane da yawa suna shafa baƙin mai. Ni dai ba na kai shi kusa da tanki, don ruwan sama zai wanko shi, kuma ɗan kaɗan ya isa ya ɓata ruwan kifi. Mai hali ya sa bututun ƙarfe, a yi masa jan fenti na hana tsatsa kafin a binne, ba bayan an gama walda an tafi ba.

Sai iska. Abin da ban gane ba a da shi ne, guguwa ba danna rumfa take yi ƙasa ba, shiga ƙarƙashin kwano take yi ta ɗaga shi. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe wannan. A ɗaure katakon sama da dirka da langa-langa, ko a huda a sa noti. Sannan a kowace kusurwa a sa ɗan guntun katako a karkace ya tokare dirka da katakon sama. Rumfar da ba ta da wannan tokarin, ku girgiza ta da hannu ku gani, rawa take yi. A ƙasarmu manyan hadarin farkon damina galibi daga gabas suke tasowa, don haka gefen gabas nake fara ƙarfafawa.

A rumfa ta biyu ma na haƙura da kwano, na sa ragar inuwa, wadda iska ke ratsawa ta wuce. Zana ma tana yi, sai dai duk shekara ko biyu za a sake ta. Wani abokina ya bar soso ya hau tasa, inuwa ta yi kyau ƙwarai, amma ganyen yana zuba cikin tanki yana ruɓewa, kuma nauyinsa bayan ruwan sama ya lanƙwasa masa katako. In za ku shuka mai yaɗo, ku shimfiɗa raga a ƙarƙashinsa, ku riƙa rage shi.

Hunturu shi ne mai ɓarna a ɓoye. Katako yana bushewa ya tsuke, ƙusoshi su saki, noti ya yi sako-sako, ba wanda ya lura. Shi ya sa nake zagaya rumfata a watan Maris ko farkon Afrilu, kafin hadari ya fara haɗuwa. Ina ɗaure kowane noti, in soka wuƙa a gindin kowace dirka. In ta shige ba wuya, ranar nake canza dirkar. In na ga hanyar ƙasa da gara ta gina a jikin itace, sai in kankare ta in bi ta har inda ta fito.

Duk zagayen bai fi awa ɗaya ba, da sifana ɗaya da wuƙa.